Tarihin Ra'in Aiki: Daga Mosko zuwa Helsinki

Ra'in aiki wata mazhaba ce a fagen nazarin halayyar ɗan Adam da ilimin koyarwa, wadda ta tsiro a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1920 da 1930. Ginshiƙinta magana ɗaya ce: wanda ke son sanin yadda mutum ke koyo, to ya dubi aikin da mutumin yake yi, da kayan da ke hannunsa, da mutanen da yake yi tare da su, da abin da ake nema a ƙarshen aikin. Hankali, a wurin malaman wannan mazhaba, cikin aiki yake ginuwa. Maganar tana da sauƙin faɗa, amma littattafanta sun sha ba ɗalibai wuya, kuma babban dalili shi ne ba su iso ga masu karatu a jere ba. Wasu sun shekara 40 a ajiye kafin a buga su, wasu an datse su wajen fassara, wasu kuma an haɗa su ne daga gutsattsarin rubuce-rubuce daban-daban. Saboda haka tarihin mazhabar shi ne ƙofar shiga karatunta.

Wanda ake jingina asalinta gare shi, Lev Vygotsky, an haife shi a garin Orsha a 1896, ya tashi a Gomel, dukansu a ƙasar Belarus ta yanzu. Shari'a ya karanta a Jami'ar Mosko, yana kuma sauraron darussan tarihi da falsafa a Jami'ar Shanyavsky. A 1917 ya koma Gomel ya kama koyarwa. A watan Janairun 1924 ya gabatar da maƙala a wani babban taron masana a Petrograd, maƙalar da ta sa aka gayyace shi Cibiyar Nazarin Halayyar Ɗan Adam ta Mosko, wadda Konstantin Kornilov ke shugabanta. A can ya haɗu da samari biyu, Alexander Luria da Alexei Leontiev, dukansu ba su wuce shekara 22 ba a lokacin.

Ƙasar da suke aiki a cikinta tana fama da miliyoyin mutanen da ba su iya karatu ba, ga ɗimbin yara marasa galihu da yaƙi da yunwa suka watsa kan tituna. Ilimin halayyar ɗan Adam kuwa ya rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya bi sawun Ivan Pavlov, mai gwaji da karnuka, yana kallon duk ɗabi'a a matsayin martanin jiki ga abin da ya taɓa shi. Ɗaya ɓangaren yana bayanin tunani da niyya da ma'ana, amma ba shi da hanyar gwada abin da yake faɗa. Vygotsky ya rubuta dogon nazari kan wannan rabuwa a 1926 da 1927, sai dai ba a buga shi ba sai 1982.

Mafitar da ya kawo ta samo ƙarfi daga Karl Marx da Friedrich Engels, waɗanda suka ce ɗan Adam yana sauya duniya da kayan aiki, kuma cikin yin haka yake sauya kansa. Vygotsky ya faɗaɗa maganar. Kamar yadda gatari ke shiga tsakanin hannu da itace, haka kalma da lamba da rubutu da taswira ke shiga tsakanin mutum da tunaninsa. Misalin da ya fi son bayarwa shi ne na mai ƙulla bakin hankici don kada ya manta da wani abu: ya ajiye tunatarwar a waje, ya mallaki ƙwaƙwalwarsa ta hanyar wani tsani. Waɗannan tsanuka kuwa al'umma ce ta ƙera su cikin tarihi, yaro yana tarar da su ne a hannun manya. Daga nan ƙa'idarsa mafi shahara ta fito, cewa duk wata babbar ƙwarewa ta hankali sau biyu take bayyana a rayuwar yaro, da farko tsakaninsa da wasu, daga baya a cikin kansa. Yaron da ake ji yana surutu shi kaɗai yana wasa, a wurin Vygotsky, maganar da aka yi masa ce take kan hanyar zama tunani.

Leontiev ya gwada wannan da wani wasa. Ana yi wa yaro tambayoyi, a hana shi ambaton launuka biyu, a kuma hana shi maimaita launin da ya riga ya faɗa, sannan a ba shi katuna masu launi ko za su taimake shi. Yara 'yan shekara 5 ko 6 ba su amfana da katunan ba, ba su ma gane amfaninsu ba. 'Yan makaranta sun riƙa ware katunan da aka hana gefe guda, kuskurensu ya ragu ƙwarai. Manya kuwa da katuna da babu kusan duk ɗaya ne, domin tsanin ya riga ya koma ciki.

Luria ya nemi hujja a wani fage mai faɗi. A 1931 da 1932 ya jagoranci tafiyar bincike zuwa ƙauyukan Uzbekistan, a daidai lokacin da ake tilasta gonakin haɗin gwiwa ana kuma buɗe makarantun yaƙi da jahilci. An nuna wa manoma hotunan guduma da zarto da gatari da gungumen itace, aka ce su fitar da wanda bai dace da sauran ba. Waɗanda ba su yi makaranta ba sun ƙi fitar da gungumen, suna cewa in babu itace me za a sara, me za a yanka? Waɗanda suka ɗan taɓa karatu sun ware kayan aikin uku suka bar gungumen. Luria ya fassara wannan da cewa salon tunani yana bin salon rayuwa. Hukuma ta ga binciken a matsayin cin fuska ga al'ummomin Tsakiyar Asiya, aka yi masa ca, littafin bai fito ba sai 1974. Har yau akwai masu sukarsa da cewa ya ɗauki amsar ɗan makaranta a matsayin ma'auni, alhali amsar manomin hankali ce cikakkiya ga mai sassaƙa. Sukar tana da ƙarfi, kuma ita ce daga baya ta zama mafarin wani bincike a Afirka ta Yamma.

A shekarunsa biyu na ƙarshe Vygotsky ya mai da hankali kan makaranta, inda ya fito da abin da za a iya kira zangon ci gaba mafi kusa. Ya kawo misalin yara biyu da jarrabawa ta nuna hankalinsu na 'yan shekara 8 ne. Da aka ɗan taimaka musu, da nuni ko da fara musu amsa, ɗaya ya warware matsalolin 'yan shekara 12, ɗayan bai wuce na 'yan shekara 9 ba. Jarrabawar ta ce daidai suke, alhali ba daidai suke ba. Tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya tare da wanda ya fi shi, a nan ne koyarwa ta gari take aiki, tana gaba ci gaban yaro yana biye. Tarin fuka ya kashe Vygotsky ranar 11 ga Yunin 1934 yana da shekara 37, babban littafinsa kan tunani da magana ya fito a ƙarshen shekarar. Ranar 4 ga Yulin 1936 Kwamitin Tsakiya na Jam'iyyar Kwaminis ya haramta fannin nazarin yara da ake kira fidoloji, wanda sunan Vygotsky ke haɗe da shi. Ba a sake buga littattafansa a ƙasar ba sai 1956.

Kalmar aiki ba ita ce cibiyar rubutun Vygotsky ba. Shi ma'anar kalma ya ɗauka a matsayin ƙwayar nazari. Waɗanda suka ɗora aiki a tsakiya almajiransa ne da suka koma Kharkov, babban birnin Yukren na lokacin, a farkon shekarun 1930: Leontiev da Alexander Zaporozhets da Lidiya Bozhovich, sannan Piotr Galperin da Piotr Zinchenko da suka tarar a can. A ganinsu Vygotsky ya ba harshe fiye da haƙƙinsa, domin kafin yaro ya san kalmar cokali sai da ya yi fama da cokali a hannu. A Leningrad kuma Sergei Rubinstein, wanda ba almajirin Vygotsky ba ne, ya buga maƙala a 1934 kan abin da ilimin halayya zai koya daga Marx, ya kafa ƙa'idar cewa sani da aiki ba sa rabuwa. Tsakaninsa da Leontiev an daɗe ana jayayya, kuma littattafan Turanci sukan manta da shi, abin da ba adalci ba ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ba 'yan Kharkov wurin gwaji mai ɗaci. Leontiev da Zaporozhets sun yi aiki a wani asibitin farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a yankin tsaunukan Ural. An lura cewa sojan da aka ce ya ɗaga hannu iya ƙarfinsa yakan tsaya a wani wuri, amma in aka ce ya ɗauko wani abu da ke sama, hannun yakan wuce wurin. Tsoka ɗaya, rauni ɗaya, abin da ya sauya shi ne manufar motsin. Suka gina jiyyar a kan ayyuka na gaske irin na kafinta, suka buga sakamakon a 1945.

Tsarin da Leontiev ya bari, wanda ya zayyana a littattafansa na 1959 da 1975, hawa uku ne, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya fi daɗewa. Hawa na sama shi ne aiki, wanda wata buƙata ke tunzurawa, kuma na jama'a ne. Na tsakiya shi ne mataki, wanda mutum ke ɗauka da wata manufa da ya sani. Na ƙasa shi ne sarrafawa, wato yadda hannu da jiki ke aiwatar da matakin gwargwadon halin da ake ciki, galibi ba tare da tunani ba. Ya bayyana bambancin na sama da na tsakiya da farautar mutanen da. Mai kora yana tayar da naman daji yana kore shi nesa da kansa. In aka dube shi shi kaɗai, mai yunwa ne yana korar abincinsa, abin da ya yi kama da wauta. Matakin nasa ba ya yin ma'ana sai an san akwai waɗanda suka yi kwanton ɓauna a gaba, kuma za a raba naman da shi. Rabon aiki ne ya raba manufar mutum da buƙatar da ta fito da kowa daji. Hawan ƙasa kuwa misalinsa mai koyon tuƙi ne: sauya giya a farko mataki ne da ke cinye duk hankalinsa, in ya goge sai ya zama sarrafawa, ba ya sake tunawa da shi sai ran da giyar ta ƙi shiga.

Amfanin wannan ga malami ya fito a wani misalin nasa. Ɗalibi yana karanta littafin tarihi yana shirin jarrabawa, sai aka ce masa littafin ba ya cikin abin da za a tambaya. In ya ajiye shi nan take, to aikinsa cin jarrabawa ne, karatun mataki ne kurum. In ya ci gaba, ko ya ajiye da ƙyar yana waiwaye, to abin da ke cikin littafin ne ke jan sa, karatun ya zama aiki da kansa. Daga waje ɗaliban biyu ba su da bambanci, duk sun duƙufa kan shafi ɗaya. Leontiev ya ƙara da cewa manufa tana iya rikiɗa ta zama buƙata, yadda yaron da ya fara aikin gida don a bar shi ya fita wasa zai iya wayar gari yana yi don son abin.

Bayan mutuwar Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, mazhabar ta samu sarari, har Leontiev ya zama shugaban farko na tsangayar nazarin halayya a Jami'ar Mosko a 1966. Galperin ya tsara yadda sabuwar ƙwarewa ke bi daki-daki: a fara da abu a hannu, a koma faɗa a bayyane, sannan faɗa a zuci, har ta zama tunani. Daniil Elkonin da Vasily Davydov sun yi shekaru suna gwaji a Makaranta Mai Lamba 91 ta Mosko. A tsarinsu yaran aji ɗaya ba sa fara lissafi da ƙirga. Suna fara da gwada tsawo da nauyi da yawan ruwa a mazubi, suna rubuta wanda ya fi da wanda ya gaza da haruffa, sai sun matsu da buƙatar ma'auni lamba take shigowa. Davydov ya bi masanin falsafa Evald Ilyenkov wajen cewa a ba yaro ƙwayar al'amari tukuna, ya ga yadda sauran ke tsirowa daga cikinta. Ilyenkov ɗin kuma ya ba da zuciyarsa ga makarantar yara makafi kuma kurame da aka buɗe a Zagorsk a 1963, inda Alexander Meshcheryakov ke fara tarbiyya da riƙe hannun yaro a kan cokali, yana sassautawa a hankali har yaron ya karɓe motsin. Huɗu daga cikin ɗalibanta sun kammala karatun nazarin halayya a Jami'ar Mosko a 1977.

Isar wannan ilimi ga masu karatun Turanci ita ce tushen yawancin ruɗanin yau. Fassarar farko ta littafin Vygotsky na 1934 ta fito a Amurka a 1962 da sunan Thought and Language, an rage ta ƙwarai, an cire yawancin ambaton Marx. Wanda ya yi tashe shi ne Mind in Society na 1978, wanda Michael Cole da abokan aikinsa uku suka shirya, kuma su da kansu sun faɗa cewa sun haɗa shi ne daga rubuce-rubuce dabam-dabam suka gyara. Vygotsky bai taɓa rubuta littafi mai wannan siffa ba. Haka kuma kwatancen matakalar magina, wato tallafin da malami ke kafawa ya janye in gini ya tsaya, wanda ake yawan jingina masa, na David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross ne a maƙalarsu ta 1976. Kalmomi ma sun yi asara a hanya. Kalmar Rashanci obuchenie ta haɗa koyarwa da koyo wuri ɗaya, fassarar ta ɗauki koyo ta bar malami a baya. Deyatelnost kuwa aiki ne mai manufa da tarihi, irin wanda ake nufi in an ce noma ko ƙira, ba kowane motsi ko ɗan abin da malami ya ba yara su yi a aji ba. Cikakkiyar fassarar littafin na 1934 da Norris Minick ya yi a 1987, mai suna Thinking and Speech, ita ce ta fi kusa da asali.

Cole ya yi karatu a wurin Luria a Mosko a farkon shekarun 1960, daga nan ya tafi Laberiya don gano abin da ke hana yaran Kpelle gane lissafin makaranta. Shi da John Gay sun tarar cewa manoman Kpelle sun fi Amurkawa masu ilimin boko iya ƙiyasta yawan gwangwanin shinkafa da ke cikin kwano, abin da ya nuna cewa ƙwarewa tana bin abin da aka saba yi. Daga baya shi da Sylvia Scribner suka yi bincike a cikin al'ummar Vai, waɗanda ke da karatu iri uku: rubutun Vai na gargajiya da ake koyo a gida, karatun Alƙur'ani irin na allo da aka sani a faɗin Afirka ta Yamma, da karatun boko da Turanci. Littafinsu na 1981 ya nuna cewa iya karatu shi kaɗai ba ya sauya tunani gaba ɗaya. Kowane karatu yana kaifafa abin da ake yi da shi. Masu karatun Alƙur'ani sun yi fice wajen riƙe jerin kalmomi in ana ƙara su ɗaya bayan ɗaya, daidai da yadda ake hadda. Masu rubutun Vai, da suka saba da wasiƙa, sun iya yi wa wanda ba ya nan bayani. 'Yan boko sun fi iya faɗin dalilin amsarsu. Wannan gyara ne babba ga abin da Luria ya kawo daga Uzbekistan. A Laberiyar dai Jean Lave ta zauna da telolin Monrobiya, ta ga almajiri yana fara da guga da ɗinka maɓalli, ya koma ɗinki, yanka yadi ne na ƙarshe, wato ana koyon sana'ar daga ƙarshenta zuwa farkonta.

Siffar da aka fi sanin ra'in aiki da ita a yau daga Finlan ta fito. A 1987 Yrjö Engeström ya buga Learning by Expanding a Helsinki, inda ya zana aiki a matsayin alwatika mai gurabe shida: mai aiki, kayan aiki, abin da ake aiki a kai, dokoki, jama'ar da abin ya shafa, da rabon aiki. Abin da ke motsa tsarin shi ne saɓanin da ke taruwa tsakanin waɗannan gurabe, kamar likitan da marasa lafiyarsa ke zuwa da cututtuka masu sarƙaƙiya alhali doka ta ba shi 'yan mintuna ga kowane mutum. Koyo mai faɗaɗawa, a wurinsa, shi ne lokacin da ma'aikata suka koyi abin da babu wanda ya riga ya sani, suka sake fasalin aikin da kansa. A tsakiyar shekarun 1990 ya tsara zaman bita da ake nuna wa ma'aikata bidiyon aikinsu su tattauna, aka fara gwada shi a gidajen waya na Finlan, daga baya asibitoci da makarantu suka ɗauka. Masu tsara manhajar kwamfuta ma sun rungumi ra'in, musamman ta hannun Susanne Bødker a Denmak da Bonnie Nardi a Amurka. Alwatikar ta yi farin jini har ta zama tarko: nazarce-nazarce da yawa suna cika guraben shida da sunaye su tsaya nan, ba tarihin aikin, ba saɓanin da ke cikinsa, alhali su ne ruhin littafin.

Engeström ya kasa tarihin zuwa zuriya uku, ta Vygotsky, ta Leontiev, da ta uku mai duba yadda tsarin aiki biyu ko fiye ke haɗuwa a kan abu ɗaya, kamar asibiti da cibiyar lafiya da iyali a kan yaro mara lafiya. Wannan kaso yana taimakon mai fara karatu, wanda zai iya bin jerin nan: babi na 6 na Mind in Society don zangon ci gaba, sai fassarar Minick, sai babin Leontiev kan tsarin aiki a littafinsa na 1975 wanda aka fassara a 1978, sai maƙalar Engeström ta 2001 kan koyo a wurin aiki kafin babban littafinsa. Sai dai masana tarihin fannin ba su yarda silsilar ta miƙe haka ba. Alex Kozulin ya nuna tun 1986 cewa abin da 'yan Kharkov suka yi rabuwa ce da Vygotsky, ba ci gaba kawai ba. René van der Veer da Jaan Valsiner, a littafinsu na 1991, sun bi diddigin abin da ya aro daga masanan Jamus da Faransa. Anton Yasnitsky ya tuhumi labarin abokai uku da ba sa rabuwa, wato Vygotsky da Luria da Leontiev, ya kuma nuna inda masu shirya bugun Rashanci mai juzu'i 6 na 1982 zuwa 1984 suka taɓa matanin. A 2018 Ekaterina Zavershneva da van der Veer suka fitar da zaɓaɓɓun littattafan ajiyar Vygotsky da iyalinsa suka adana, kuma a cikinsu akwai bayanan muhawarar da ya yi da Leontiev a shekarunsa na ƙarshe kan matsayin ma'ana da matsayin aiki.